Bashin Shanu da Dalar Gyaɗa

Mai ƙaramin shago ba ya bukatar wani tsari, idonsa ya ishe shi. Ya san wanda zai ba bashi da wanda zai ce wa sai wani jiƙon, ya san buhun da ya fara taɓuwa, ya san abin da ke cikin akwatin kuɗi ko bai ƙirga ba. Wahala tana somawa ne ranar da Allah ya buɗa masa: shago ya zama uku, yara suka kai goma, kaya suka fara zuwa garuruwan da bai taɓa takawa ba. Daga nan sai wasu matsaloli su ƙi barinsa. Bashi ya fita ya ƙi dawowa, awo ya ƙi cika, kaya su lalace a sito, lissafin yaro kullum da 'yar saura. Ya toshe nan, can ta ɓalle. Ya koma can, nan ta sake ɓallewa. In ka tambaye shi sai ya ce tsautsayi ne, ko ya ce yaran zamani ba su da amana. Amma tsautsayi ba ya zuwa duk ranar kasuwa, kuma yaran da ɗin ma ba mala'iku ba ne.

Fataken da suka gabace mu sun sha wannan fama, ba kwamfuta, ba lauya, galibinsu ko ƙofar banki ba sa takawa. Wurin da dabararsu ta fi fitowa fili, a ganina, ba Kano ba ne, ba kuma Katsina ba. Kasuwar shanun Badun ce, can ƙasar Yarbawa.

Shanu suna Arewa, bakunan da ke jiran nama suna Kurmi. Saniyar Arewa kuwa ba ta daɗewa a Kurmi, saboda ƙudan tsando da cutar sammore da yake sa mata. Falke zai haɗa garkensa daga kasuwannin Arewa, wani lokaci har daga Nijar da Chadi, ya danƙa wa 'yan kora su bi burtali da shi, a ƙetare Kwara ta Jebba, a ratsa Ilori da Ogbomosho, makonni ana tafe. Mai hali kuma ya loda nasa a taragon jirgin ƙasa. Wanda ya zo da ƙafa, kafin ya iso gari cutar ta riga ta shiga jikin dabbobinsa. Ba zai iya zama jiran kasuwa ta gyaru ba, ba kuma zai iya juyawa da su gida ba. Kowace safiya sa yana ramewa, jarinsa ne ke ramewa. Mai saye kuma mahauci ne Bayarabe, falke bai san ƙofar gidansu ba, ba ya jin yarensa, kuma mahaucin ba shi da kuɗin sa a hannu sai ya yanka ya sayar. Ga mai kaya dole ya rabu da kayansa yau, ga mai saye ba zai biya ba sai bayan makonni. Da kowane garke wannan matsala take isowa, rani da damina.

Wani masanin zamantakewar al'umma, Abner Cohen, ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo a 1962 da 1963 yana nazarin wannan kasuwa. Lissafinsa ya nuna ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara, kusan dukkansu bashi, kuma a kowane lokaci akwai bashin kimanin fam 100,000 da ke yawo tsakanin mahauta da masu shanu. Fam dubu ɗari na wancan zamani, lokacin da ake ƙirga ladan lebura da sule. Ba takardar da aka sa wa hannu, ba banki a tsakani, ba mai zuwa kotu. Duk da haka kasuwa tana ci, fatake suna komawa gida da kuɗinsu suna sake dawowa.

Wanda ya riƙe wannan gini shi ne mai gida. An kafa Sabo a 1916, kuma manyanta su ne masu gidajen sauke baƙi. Falke in ya iso, gidan mai gidansa yake sauka. Nan zai kwana, nan za a kawo masa tuwo daga cikin gida, nan za a ajiye masa kuɗinsa, mai gida ne tafintansa, shi ne kuma mai ba shi dillalin da zai tsaya masa a kara. Har nan dai ba wani abin mamaki, haka zango yake tun daga Salaga har Ikko. Abin dubawa yana faruwa ne a lokacin ciniki.

Mahauci ya zagaya sa, ya danna masa gadon baya, ya shafa haƙarƙari, ya ja baya ya ƙare masa kallo, sannan ya taya. Dillali ya kau da kai ya ce, "Albarka." A ja, a saki, mahauci ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Falke yana gefe ya dogara da sanda, bai ce uffan ba sai farashi ya kai inda zuciyarsa ta kwanta, ya ce ya sallama. To amma ciniki bai faɗa ba tukuna. Dillali zai waiwayi mai gida da tambayar da ta fi farashin nauyi: "Maigida, a ba shi?" Mai gida ya san akwai kuɗin sa biyu a kan wannan mahauci a gidan wane, ya san kwanan nan ya yi hidimar biki, ya kuma san bai taɓa wuce ranar alkawari da fiye da 'yan kwanaki ba. Sai ya ce, "A ba shi ɗaya." Malamin gida ya buɗe littafi ya rubuta suna da kuɗi da ranar biya. In ranar ta zo mahauci bai kawo ba, falke ba ya bin kowa cikin lungunan Badun. Mai gida ne zai cire daga aljihunsa ya biya shi.

A nan gizo ke saƙar. Mutanen Sabo ba su zauna suna yi wa mahauta wa'azin biyan bashi ba, ba su kuma ce daga yau sai kuɗi hannu ba, domin sun san in aka ce haka kasuwar ce za ta watse. Sun ɗauke asarar ne daga wuyan baƙon da bai san kowa ba, suka ɗora ta a wuyan mutumin da ya san kowa. Da zarar ta hau wuyansa, ba sai an roƙe shi ya sa ido ba. Shi da kansa zai riƙe dillalan da ke yawo a kwata suna jin wanda ciniki ya yi wa kyau da wanda ya fara tangal-tangal. Shi zai ɗauki malamin rubutu ya biya shi. Shi zai nemi sauran masu gida, waɗanda abokan takararsa ne a wajen neman baƙi, su riƙa gaya wa juna wa ake bi nawa, domin mahaucin da ya ci na wane yau, naka zai ci gobe. Mahaucin da ya ƙi biya kuwa ya san ba gidan da zai sake samun sa a kan lamuni, sana'arsa kuma ba ta yiwuwa sai da lamunin.

Shi kansa mai gidan an ɗaure shi. Dukiyarsa gidaje ce da iyali da suna, ba abin da ake tattarawa cikin dare a gudu da shi ba. In ya ci amanar falke ɗaya, kafin wata ya zagayo labari ya kai Kano da Gusau da Nguru, baƙinsa su koma gidan maƙwabcinsa. Ba na musun akwai tsoron Allah a cikin lamarin, mutanen Sabo sun yi suna da riƙon ɗariƙar Tijjaniyya da sahun masallaci. Sai dai sun gina abin ta yadda ko ranar da tsoron Allah ya yi rauni a zuciyar mutum, lissafin aljihunsa zai tare shi.

Ba a Badun aka ƙirƙiri wannan tunani ba. Ayarin goro da ke zuwa Gonja a ƙarni na 19 haka yake: kowace fitina da aka san za a tarar a hanya tana da mai ita tun kafin a bar gida. Madugu shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, jagaba yana gaba yana neman zango da ruwa, uban dawaki yana tattara abin da ya hau kan kowane falke, malamin ayari yana riƙe da rubutu. Ba a jiran a iso bakin kogi sannan a fara gardamar wa zai yi magana da masu fito. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu su ma sun yanke irin wannan magana a babin ƙiradi, inda mai jari ke ba wani kuɗi ya juya a raba riba. In asara ta zo ba da sakaci ba, ta mai jari ce, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa kawai. In kuwa ya karya sharaɗi, misali ya ba da bashi ba da izini ba, to shi zai biya. Almajiri yana karanta wannan a matsayin ibada, alhali darasin tafiyar da kasuwanci ne sukutum.

Gyaɗa ta zo da matsala irin wannan, amma da girman da ba a taɓa gani ba. Dogo ya iso Kano a 1911, jirgi ya fara jigilar kaya a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, har sun kafa injin gurza a Zariya, amma masaƙan ƙasar Kano suna sayen auduga da tsada fiye da abin da Bature ke bayarwa, ita kuwa gyaɗa ko kasuwarta ta faɗi ana iya cinye ta a gida. Manoma da fatake suka zaɓi gyaɗa. Abin da aka fitar waje ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa kusan tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a bakin tasha, amma ba su san hanyar ƙauye ba, ba su san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Sai suka koma ga tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda ke da yara a kowace kasuwar ƙauye.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, daga zuriyar Agalawa. Da goro ya fara, yana ɗauko shi daga Ankara ta Gana ta jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon doguwar hanyar jakuna. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. Matsayinsa a tsakanin kamfani da manoma daidai yake da na mai gidan Sabo a tsakanin falke da mahauci: kamfani ya ba shi kuɗi, shi ya raba wa yaransa, yaransa su raba wa nasu yaran har bakin gona. In wani ya gudu da kuɗin a Ringim ko Gaya, Bature ba ya zuwa nemansa, Ɗantata ya sani. Don haka zaɓen yaro ya zama shi ne ainihin sana'ar, ya fi sanin gyaɗar kanta wuya. Da kuɗi suka yi yawa har ajiyarsu da ƙirgarsu suka zama aiki, labarin da ya shahara shi ne a 1929 ya kai tsabar azurfa lodin raƙuma 20 bankin Turawa na BBWA, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank a yau. Mutane suna ba da wannan labari don nuna yawan dukiyarsa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne attajirin da ya gane akwai aikin da ya fi ƙarfin ɗakin ajiyar gidansa, ya miƙa shi ga wanda zai biya in kuɗin suka ɓata.

Sai maganar dala, wadda zan faɗi abin da ba kowa zai so ji ba a kanta. Muna alfahari da dalar gyaɗa, har yanzu hoton buhunan da aka jera yana bayan takardar naira 200. Kuma aiki ne na gwaninta: 'yan dako ɗauke da buhu a ka suna hawa matakalar da aka yi da buhunan kansu, ana tsuke jeri sannu a hankali har ya ƙare da tsini, a lulluɓe da tamfol kafin ruwan farko. Akan ce dala guda tana cin buhu har 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da Birget da Bebeji da Malam Madori. Amma me ya sa gyaɗa za ta zauna a fili wata da watanni? Domin layin dogo guda ɗaya, mai tsawon mil kusan 700 zuwa bakin teku, ba ya iya kwashe abin da ake nomawa, balle bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kawunan jirgi da taragu suka yi ƙaranci. Wani lokaci gyaɗar bara tana nan ta bana ta iso, ƙwari suna cin rabonsu a ƙarƙashin tamfol. Dala dabara ce ta zama da matsala lafiya, ba maganinta ba ce.

Dalilin da ya sa ta daɗe, a fahimtata, shi ne ba a san wuyan wanda asarar jinkiri take hawa ba. Tun daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce ke yanke farashi kafin kaka, daga 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Wakili mai lasisi ya sayi kaya ya miƙa, ya karɓi la'adarsa, ya gama nasa. Ma'aikacin jirgin ƙasa albashinsa yana zuwa ko tarago ya zo ko bai zo ba. Abin da ƙwari suka ci yana fita ne daga asusun hukuma, asusun kuma tazarar da ke tsakanin farashin duniya da abin da aka ba manomi ce. Manomin kuwa yana ƙauye, bai ma san an yi asarar ba. An ƙaro kawunan jirgi, motocin lodi sun rage wani abu, amma dala ba ta daina tashi ba sai da gyaɗar kanta ta ja baya: farin 1972 zuwa 1974, cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya.

Kada a ɗauka tsarin mai gida ba shi da aibi. Ƙofarsa a rufe take ga wanda ba a san asalinsa ba, kuma yaro yana iya tsufa a gidan ubangidansa yana jiran sallamar da ba ta zuwa. Babban rauninsa kuwa shi ne kusan komai yana cikin kan mutum guda. Littafin malami yana ɗauke da suna da adadi, amma dalilin da ya sa aka ce a ba wane ɗaya, a hana wane ko ɗan maraƙi, wannan yana cikin ƙirjin mai gida. Ranar da ya kwanta dama sai a raba gado bisa shari'a, gidaje su tafi nan, jari ya tafi can, baƙi su nemi wani masauki. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwar 'yan kasuwa zai iya nuna maka ƙofofin da aka taɓa jin sunansu har Kurmi, yau ko jikokin ba su san me kakansu ya sayar ba. Mutuwa ita ce matsalar da ta fi kowace tabbacin dawowa, ita ce kuma aka fi ƙin yi wa shiri. Ɗantata ya yi mata: ya mai da harkarsa kamfani mai suna Alhassan Dantata & Sons, an kuma ruwaito cewa kafin rasuwarsa a 1955 ya yi wa 'ya'yansa wasiyyar kada su bari ya wargaje. Gidan ya ba da Sanusi da Aminu, ta wajen 'yar Sanusi kuma aka samu Aliko Ɗangote.

Yau tirela tana kai shanu Kudu cikin kwana biyu, waya tana kai labarin farashi kafin direba ya tayar da mota, kuɗi suna tafiya ba tare da raƙumi ba. Amma shiga Kantin Kwari ko Singa ka zauna da wanda harkarsa ta fara girma, za ka ji kukan nan dai. Ya rubuta "Ba bashi" ya manna a bango, yaransa suna bayarwa a bayan idonsa, domin su ke samun godiya da na goro, shi ke ɗaukar asara. An shigo masa da alat na bogi sau uku, duk lokacin sai ya yi faɗa ya haƙura, bai taɓa cewa ga mutum ɗaya da alhakin duba asusu ke kansa kafin kaya su fita ba. Wani kuma ya bi ta ɗaya gefen: ba abin da za a yi sai da shi, waya biyu a kunne, ko daurin aure ya je ana kiransa a kan farashin yadi. Yana ganin wannan shi ne sa ido, alhali ya hana kowa a gidan koyon yanke shawara, ya kuma tsayar da girman harkar daidai inda ƙarfin jikinsa ya tsaya. Mai gidan Sabo bai taɓa tsayawa yana taya sa da kansa ba. Ya bar wa dillali ciniki, ya bar wa malami rubutu, ya riƙe abu ɗaya da ba mai iya yi sai shi, wato cewa a ba shi ko kada a ba shi. Kuma dillalin yana da la'adarsa, domin ba a ɗora wa mutum nauyin aiki a hana shi rabon riba.

Inda abin ya fi tsada shi ne wajen masu fitar da amfanin gona waje. Ɗan kasuwar da ke cika kwantena a Dawanau yana saye ne daga hannaye da yawa, waɗanda su ma suka saya daga wasu hannayen. Can a wani sito wani ya zuba wa wakensa fiya-fiya don kada ƙwaro ya taɓa shi kafin farashi ya tashi. Shi ya tsira da jarinsa. Buhunsa ya shiga cikin ɗaruruwa, an juye, an gauraya, an sake ɗurawa, ba suna ba alama, kuma ba wanda ya tsaya masa lamuni balle a ce ya biya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan magani da aka yi ta samu a cikinsa, hukuncin ya hau kan mai gaskiya da mai ha'inci baki ɗaya. Wa'adin shekara guda aka sa da farko. Da ya cika a 2016 aka sake dubawa, aka ƙara masa shekara uku.